Maigadin da Na Zo da Shi

Ƙarfe uku da kwata na dare, Sheffield ta yi tsit,
sai yayyafi da ke ta sosa gilashin taga,
firij yana gunaguni shi kaɗai a kicin.
Ban yi mafarki ba. Ba wanda ya buga ƙofa.
Haka kawai gabana ya yanke ya faɗi
kamar gugan da igiya ta tsinke masa,
ina ta kasa kunne, ban ji ya taɓa ruwa ba.

Ƙirji ya kama daka, taɓarya biyu turmi ɗaya.
Yawu ya ƙafe, kiyashi na yawo a cikin yatsuna.
Gumi a watan Janairu, ga hita a kashe
saboda kuɗin gas.
Na ce, Barira, tashi, yau dai ta zo,
lambar katin banki tana bayan kalanda.

Awa huɗu a kujerar roba a asibiti,
sannan suka manna mini wayoyi kamar rediyon da ya mutu.
Inji ya tofo takarda, tudu da kwari a jere.
Likita Hargreaves ta duba, ta ɗaga gira:
zuciyarka ta fi tawa lafiya.
Wallahi haushi na ji.
Mutum ya gama sallama da duniya
a ce masa ba komai?

Ta ce ita ba ta ce ba komai ba.
Ta juya bayan takardar ta zana kai,
ta ɗiga ɗigo biyu can ciki,
kowanne kamar ƙwayar gyaɗa.
Nan, in ji ta, maigadi yake zaune.
Bai iya karatu ba, bai san kwanan wata ba.
Kafin tunani ya sa takalmi
shi ya riga ya busa usur:
jini ya bar hanji ya ruga cinyoyi,
numfashi ya gajarce, ido ya buɗe,
jiki ya ɗaura ɗamarar gudu, ba inda za shi.
Kai ka ji bugun ƙirji ka firgita,
shi ya ji firgicinka ya ƙara busawa.

Na ce ai na san shi.
Shi ya tsallakar da ni katangar da ta fi ni tsawo
daren da layinmu ya kama da wuta.
Ashe tare muka hau jirgi, ba a nemi bizarsa ba.
Yanzu ba wuta, ba ihu,
sai ambulan mai ruwan ƙasa a ƙarƙashin ƙofa,
sai kira daga gida a lokacin da ba a saba ba,
sai fasinjan da ya tsare ni da ido ta madubin bas.
Wanda maciji ya sara,
ko igiyar caja ya gani a ƙasa sai ya ɗage ƙafa.

Ba ta ce in kore shi ba. Ina za shi, tsohon banza,
shekara arba'in da shida yana ƙofata ba albashi?

Yanzu in na kai Hillsborough, fasinja sun watse,
nakan kashe inji, in ɗora tafi a kan sitiyari mai sanyi,
in ja iska a ƙirga huɗu,
in sake ta a shida, a hankali, kamar mai hura kunu.
In ce, sannu da aiki, Baba,
na leƙa, ba kowa, ganye ne ya faɗi.

Wata rana yakan ji. Wata rana sai ya gama busarsa
ina zaune ina jira, riga sharkaf.

Shekaranjiya ma wata ambulan ta zo.
Ta kwana biyu a kan firij ina kewaye ta
kafin Barira ta gaji, ta yage bakinta da wuƙar albasa.
Kamfanin ruwa ne. Za su canja mita ranar Talata.